Darasin Ƙauyen Aro

Jama'a, akwai wani abu da ya daɗe yana damuna, yau na ga ya kamata in fitar da shi a wannan mujalla tamu, ko Allah ya sa ya amfani wani.

Sa'ad da na ke ɗalibi a wata makarantar horon malamai, ina shekara ta biyu, muna da wani aboki a ɗakin kwananmu. Gadonsa na bisa nawa. Yaro ne mai fara'a, ga shi gwanin lissafi, har mu kan taru a kansa da dare ya warware mana abin da ya gagare mu. Ana nan, bayan mun komo daga hutu, sai muka ga ya sake. Aka buga ƙararrawar abinci, ba ya zuwa. Dare ya raba, in na farka sai in ji shi yana ta juyi a sama, gado na ƙara. Da rana kuwa ya sami gindin wata bishiya ya zauna, ya zuba wa ƙasa ido.

To, me muka yi? Waɗansu suka ce son jiki ne. Waɗansu suka ce wata yarinya ce ta yaudare shi, suka mai da abin wasa. Waɗansu suka ce iska ce, suka daina cin abinci a kwanonsa. Da ya yi ta fashin aji aka ba shi lauje ya yanke ciyawa, don horo. Da lokacin gwajin koyarwa ya zo, ya tsaya gaban yara da alli a hannu, ya kasa cewa uffan, har malamin da ya zo duba shi ya sallami ajin. Bayan mako guda aka ce ya koma gida. Ni ne na ɗauki akwatinsa a ka zuwa tasha. Tafiyar ta kai mil guda, amma ban ce masa kome ba, sai "Allah ya kiyaye hanya."

Shekaru suka wuce, na gamu da shi a wata kasuwa, ya zama ɗan tireda, da iyalinsa. Muka rungume juna. Ya ba ni labari, ya ce yayarsa ce ta kai shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, aka ɗora shi kan magani, ita kuwa ba ta rabu da shi ba har ya warke. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Abokina, ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Wata uku ina kwana bisa kanka, ba wanda ya ce mini, me ya same ka?" Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Ya warke, amma malantar da ya ke so ta wuce shi.

Tun daga ran nan na shiga neman sanin yadda masu ilmi su ke shirya taimako ga irin wannan ciwo. Ashe babban misali yana nan ƙasarmu, a Aro, kusa da Abekuta.

A zamanin Turawa, wanda hankalinsa ya taɓu in ya dami jama'a, kulle shi a kan yi, ko a gidan mahaukata irin na Yaba a Ikko, wanda aka buɗe a 1907, ko kuwa a kurkuku tare da ɓarayi. Tsarewa ce kawai, magani kaɗan ne. A 1954 wani ɗan Abekuta, Likita Thomas Adeoye Lambo, ya komo daga Ingila, inda ya yi karatun likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan ciwon hankali a asibitin Maudsley na Landan. Aka danƙa masa sabon asibitin Aro, ga shi ba a ko gama gininsa ba. Maimakon ya zauna jiran gadaje, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya a gidajensu, a riƙa biyansu kuɗin haya.

Ga yadda shirin ya ke. Kowane mara lafiya sai ya zo da wani nasa, uwa, ko 'yar'uwa, ko inna, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufa, ta lura da shi. Da safe su je asibiti a yi masa magani, da la'asar su komo ƙauye. Yana zuwa kasuwa, yana gaisawa da mutane, yana kama ɗan aikin hannu. Ma'aikatan jinya suna nan kusa dare da rana. Mutanen ƙauye su ma ba a bar su hannu rabbana ba: ban da kuɗin haya, an taimake su da rance don su ƙara ɗakuna, an kuma gyara musu sha'anin ruwan sha da tsabta. Abin da ya fi ba Turawa mamaki, Lambo ya jawo waɗansu masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin, domin ya lura mutane wurinsu su ke fara zuwa, kuma maganarsu su ke ji.

Labarin Aro ya bazu duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ciwon hankali na Afirka a Abekuta. Lambo kuwa ya shugabanci Jami'ar Ibadan, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A ƙasar Zimbabuwe, wajen 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga likitocin hankali ba su taka kara sun karya ba a ƙasarsu. Sai ya sa aka ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare, aka koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mai damuwa, su taimake shi ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda, ya nemi hanyar warware ta, zama shida. Ba su ma kiran ciwon da sunan Turanci, a harshensu "yawan tunani" su ke ce masa. Da aka gwada shirin kan mutum 573, aka buga sakamako a 2016: bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna benci kashi 14 cikin 100 ne su ke da sauran alamun ciwon, cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa, kashi 50.

Da na auna waɗannan biyu, sai na ga dabara ɗaya ce. Ba su cire mutum daga cikin jama'arsa ba. Sun yi aiki da mutanen da aka riga aka amince da su. Sun yi magana da harshen da mai ciwo ya ke ji. Kuma ba su yar da likita ba, yana nan a bayansu don abin da ya fi ƙarfinsu. Abokina kuwa kishiyar wannan duka muka yi masa: muka ware shi, muka yi masa suna, muka hore shi, muka sallame shi.

To, mu a nan kwaleji me za mu yi? Da yawanmu sun baro gida da nisa, waɗansu kwana guda cur a mota, sun zo inda harshe dabam, abinci dabam. Ga kuɗin makaranta, ga jarrabawa. Ba mu da uwa ko inna a kusa, saboda haka dole mu zama dangin juna. Ga shawarata, in hukumar makaranta da ƙungiyar ɗalibai za su duba.

Na farko, a kowane ɗakin kwana a zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon asiri, ɗalibai da kansu su zaɓa, ba lalle sai shugaban ɗaki ba, gama mai ba da horo ba a faɗa masa ciki. A kawo ma'aikacin lafiya ya koya musu saurare, da alamun da za su lura da su: rashin barci, ƙin abinci, ware kai, kuka ba dalili, fashin aji ga wanda bai saba ba, ko shiga shan ƙwaya. In irin wannan ya wuce mako biyu, ba a bar shi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Na biyu, a shata hanya sarai, kowa ya san ta: daga mai saurare zuwa ɗakin shan magani na makaranta, daga nan zuwa asibiti. Mai saurare ba likita ba ne, kada ya ba da magani. In kuwa mutum ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a ce an yi alkawarin rufe asiri. A kai shi ga likita a ranar.

Na uku, a jawo limaminmu da faston 'yan'uwanmu Kirista cikin shirin, kamar yadda Lambo ya jawo waɗanda jama'a su ke jin maganarsu. Addu'a da magani ba abokan gaba ba ne. In liman ya ce, "Mu yi addu'a, gobe kuma in raka ka asibiti," ai an gama.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, a buɗe ƙofar komowa. Wanda ya karye a ƙafa a kan ba shi hutu ya komo ya ci gaba da karatu. Wanda hankalinsa ya gaji ma a yi masa haka, a rubuta cikin dokar makaranta. Muddin ɗalibi ya san in ya faɗi ciwonsa korarsa za a yi, ɓoyewa zai yi har abin ya ci ƙarfinsa. Ƙasa ma ta sake tunani: a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tsare haƙƙin masu ciwon.

Na biyar, a ƙarshen kowace shekara a zauna a duba: mutum nawa suka nemi taimako, nawa suka komo karatu, ba tare da ambaton suna ba. Shirin da ba a aunawa ba a sanin ko yana aiki.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe ku ne za ku tsaya gaban yara arba'in ko hamsin. A cikinsu lalle za a sami wanda ya yi shiru a bayan aji. Abin da kuka koya a ɗakin kwana shi za ku yi masa, ko bulala, ko tambaya. Ni dai na ɗauki akwati mil guda ban yi tambaya ba, har yau kuwa ina jin nauyinsa. Yau da dare, kafin a kashe fitila, dubi gadon da ke kusa da naka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.