Jin Ɗumi a Gaya da Ajingi

Ka san halina da sanyi, don haka ba sai na lissafa maka kayan da na jibga a jiki ba ranar da muka bar Kano. Tsakiyar Janairu ce, hazo ya rufe gari, direbobi na tafe da fitila a kunne har hantsi. Wani abokina malamin makaranta ne ya gayyace ni ɗaurin auren ƙanwarsa a Gaya, ya ce in an watse sai mu leƙa wajen kawunsa a ƙasar Ajingi. Muka bi ta Hotoro da Mariri, muka miƙe hanyar Wudil a motar haya, huɗu a baya biyu a gaba.

Tun kafin mu yi nisa na lura da abin da ke shiga birni muna fita: motocin itace, da manyan motoci shaƙe da buhunan gawayi, wasu har sun karkace. Direbanmu ya ce yawancinsu daga nesa suke, ta wajen Bauchi, don nan kusa ba sauran dajin da zai cika mota. Kai ma ka sani, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, aka koma wa gawayi. Har da gidana. Sai dai ni iyakar sanina da gawayi shi ne mai shagon bakin layinmu da ledarsa.

A Wudil muka haye gada, kogi ya ja baya ya bar yashi da 'yan lambu. Ba Juma'a ba ce, don haka ba mu sha cunkoson kasuwar shanu ba. Muka sayi soyayyen kifi ta taga, muka wuce.

Gaya tsohon gari ne, mutanensa kuwa ba sa bari baƙo ya manta da haka, musamman in sun ji daga birni yake. Ba mu daɗe da sauka ba wani dattijo a ƙofar gida ya tuna mini cewa Abagayawa daga nan suka tashi, kuma maƙerin nan mai suna Kano da ya je gindin Dala neman tama mutumin Gaya ne. Na ce, “Haka muka ji, Baba.” Ya ce, “To ka zo gida kenan.” Daga nan abokina ya ja ni wata maƙera. Maigidan yana zaune, yaro na bugun zugazugi, ga kaskon wuta na ƙarfe da murhun gawayi iri-iri da suke ƙerawa da tsofaffin ganguna. Ya ɗauko gawayi guda biyu ya ɗora mini a tafin hannu, ɗaya sakayau, ɗaya da nauyi. Mai nauyin na ƙirya ne, shi maƙeri ke nema saboda zafinsa da daɗewarsa, kuma ya ce kullum sai an ƙara nisa kafin a same shi.

Da dare aka girmama ni, aka sauke ni a sabon ɗaki na bulo da siminti, rufin kwano, ba a kai ga yin silin ba. Da farko lafiya lau. Can wajen tsakar dare sai sanyi ya fara saukowa ta sama, iska kuma na shigowa ta tsakanin kwano da bango. Kafin kiran assalatu na sa hula da safa na ƙudundune, ruwan buta kuwa sai da na yi shahada na taɓa shi.

Da gari ya waye muka shiga gaida mahaifiyar abokina, Inna. Ɗakinta tsohon soro ne na ƙasa, rufin azara, kaurin bangonsa ya kai kamu guda. Ina ɗaga labule ɗumi ya tare ni, alhali ba wuta a ciki. 'Yar tagar da ke sama an toshe ta da tsumma, ƙofa kuma ga asabari ga labule mai kauri. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ka ga idonka kuwa? Sun kai ka ɗakin 'yan boko ko?” Abokina, da yake malamin kimiyya ne, ya yi mini bayani a taƙaice. Bangon ƙasa mai kauri wuni yake yana shan zafin rana a hankali, dare ya yi ya riƙa sakinsa a hankali. Kwano nan da nan yake ɗaukar zafi, nan da nan ya zubar. Shi ya sa ɗakin da ya hana ni barci a hunturu shi ne zai gasa mutum a watan Afrilu. Mun rushe soraye mun yi bulo saboda damina da yaɓen kowace shekara, wannan dalili ne mai ƙarfi, amma ban taɓa jin wanda ya sa kuɗin bargo da gawayi da fanka cikin lissafin ginin ba.

A tsakar gida ana girkin biki. Manyan tukwane a kan duwatsu uku, an cusa gumagumai, iska na kwasar harshen wuta tana kai shi gefe, mata na ta murza ido. Masu auna irin wannan abu sun ce a murhun duwatsu uku, zafin da ke shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran duk na iska ne. Biki ne, ba mai lissafi. Murhun Inna na kullum yana can lungu, shi ya tsayar da ni. Da ƙasa ta gina shi, ta cuɗa ƙasar suri da ƙaiƙayi da kashin jaki don kada ya tsage. Ya zagaye tukunya har kusan wuya, tsakaninsa da ita bai fi shigar yatsa ba, ta nan hayaƙi ke lasar jikin tukunya ya fita. Bakinsa guda ɗaya ne, ya ba gabas da arewa baya, inda iskar hunturu ke fitowa. Ba ta sa gungume. Faskare take sawa sirara, biyu ko uku, tana turawa kaɗan-kaɗan, kuma na gobe yana shanye a kan katanga tun yau, don ɗanyen itace wani kaso na ƙarfinsa wajen busar da kansa yake ƙarewa. Wake tun dare take jiƙa shi. Tukunya ba ta zama ba murfi. Tana sauke tuwo sai ta zare ragowar bakin wuta ta turbuɗa a ƙasa, ta ɗora tukunyar ruwa a kan garwashi, da shi za a yi alwala a wanke wa yara jiki. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, “Tsadar itace.”

Bayan ɗaurin aure ƙanen abokina ya kira ta WhatsApp daga Ingila, inda yake karatu. Ya yi wa amarya addu'a, sannan ya shiga kukan kuɗin ɗumama ɗaki. Can yawancin gidaje suna da abin da suke kira boila, wato wata tukunyar gas da ke dafa ruwa, ruwan ya zaga ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa a jikin bangon kowane ɗaki. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, har gwamnati ta sa hannu ta tallafa wa gidaje. Inna ta ce a tambaye shi me suke yi su rage. Ya ce ana toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, a shimfiɗa wani abu mai kama da auduga a saman silin, a kira mai gyara ya share boila duk shekara, a rage mata ƙarfi, ɗakin da ba kowa kuma a kashe nasa. Inna ta karɓi wayar ta ce, “Auta, yanzu wannan ne sai da ka hau jirgi?” Aka yi ta dariya. Ni dai ban yi da ƙarfi ba, don ko jirgin ban hau ba, kuma ban sani ba.

Muka ɗauki hanyar Ajingi, arewa da Gaya, daga baya muka sauka daga kwalta muka hau babura. Ƙasa ce mai yashi, gonaki an girbe, sai kara a tattare an jingine, wani an ɗora shi kan rassan bishiya saboda dabbobi. Gawo ne kaɗai ya yi kore shar, kamar yadda ya saba da rani. Darbejiya kuwa kusan duk wadda na gani an yi mata aski, an sare rassa an bar gindi ya sake tohowa. Nan ba a cika sayen itace ba, amma kada ka ɗauka kyauta ne. Karan da za a hura shi ne na danga, shi ne na dabbobi. Busasshen kashin shanun da yara ke tsintowa a ƙona, gona ce aka hana taki. Sabara da kalgo kuma sai 'yan mata sun yi tafiya kafin su haɗa ɗauri ɗaya.

Kawun abokina tsoho ne tukuf, kuma a ɗakinsa na ga abin da a da sai dai labari: gadon ƙasa. Dandamali ne aka gina a jikin bango, cikinsa rami, da 'yar ƙofa a gefe. Bayan magariba jikarsa ta kwaso garwashin murhu a kasko ta zuba ciki, ta barbaɗa toka a kai. Kafin a yi isha sama ya ɗau ɗumi, ya shimfiɗa tabarma da buzu. Ya ce, “Zauna ka ji, Malam.” Na zauna, na kasa tashi. Garwashin da ya riga ya dafa tuwo ne ke wannan aikin, ba a ƙara ko tsinke ba. Mutanen arewacin Sin suna da irinsa, suna ce masa kang, 'yan Koriya kuma ƙasan ɗakin gaba ɗaya suke ɗumamawa, sai dai su suna yi wa hayaƙin hanyar fita waje, namu kuwa a ɗaki yake tsayawa. Nan matsalar take. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ko da ya yi jajir ya daina hayaƙi, kuma a rufaffen ɗaki tana kashe mai barci. Kawu bai san sunanta ba, amma ya hana a toshe kafar da ke saman ƙofarsa, duk sanyi. Ga kuma gobara, wadda hukumar kashe gobara ta Kano ke jan kunne a kanta duk hunturu. Ko zafin gadon kansa in ya yi yawa illa ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kwanciya kan gado mai wuta, da wankan jego, da kunun kanwa.

Muna hira a waje na kawo zancen murhun zamani. Na ba su labarin Save80, murhun farin ƙarfe da wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair ta yaɗa tare da ƙungiyar DARE ta Kaduna, wanda yanzu ake ƙera shi a Kano, sunansa ma daga iƙirarin rage kashi 80 cikin 100 na itace ya samo asali. Na ce a Nijar tun shekarun 1980 suke da Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na ƙasa. Har na ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara. Matar kawu, Gwaggo, ta bar ni na gama. Ta ce ta taɓa ganin na ƙarfen, yana da kyau, ba ya cin itace. Sannan ta jero tambayoyinta. Nawa ne? In ana tuƙin tuwon mutum goma sha, wa zai riƙe tukunyar? Sai ta nuna mini jikokinta da suka kewaye murhu suna miƙa tafin hannu, ta ce, “Su kuma waɗannan ina za su zauna?”

Wannan tambaya ta ƙarshe ban taɓa jin masu tallar murhu sun amsa ta ba. Zafin da mai awo ke kira asara, wanda ke tserewa ta gefen tukunya, a watan Janairu shi ne abin jin ɗumin gidan. Murhun da ya tattare wuta ya ba tukunya ita kaɗai ya hana yara. Da asuba na ga haka a wata tsangaya da ke bayan gari, almajirai sun kewaye wutar kara da allunansu, wutar nan ita ce fitilarsu, ita ce bargonsu. Gwaggo murhu biyu gare ta, na ƙasa mai rufi na yawancin shekara, da duwatsu uku da take dawowa da su in sanyi ya kankama. A ganina duk wanda zai kawo wa Ajingi sabon murhu, gara ya zo a hunturu ya kwana tukuna.

A hanyar dawowa muka sake tsayawa Gaya yi wa Inna sallama. Na roƙe ta ko za ta haɗa ni da wadda za ta je birni ta gina wa maiɗakina irin murhunta. Ta ce, “Tsakar gidan naku ƙasa ce?” Na ce siminti ne, kuma haya muke. Ta ce, “To sai dai na maƙera.” Muka koma maƙerar nan, na zaɓi murhun gawayi mai 'yar ƙofar iska da ake buɗewa a rufe, maigidan ya ce in na isa gida in samu yumɓu in shafe cikinsa, zai fi riƙe zafi, ƙarfen ma zai fi daɗewa. A tasha ɗan kamasho ya juya shi ya duba, ya ce wannan kaya ne, sai na biya masa kuɗin but.