Yadda aka raba ni da jika 40 ta wayar salula

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Falanko. Abin da zan gaya muku abin kunya ne gare ni, amma gara ku ji shi daga bakina.

Bayan kaka, ƙanena da ke cin rani a Libiya ya aiko jika 40 don a sayi gero a ajiye wa tsohuwarmu kafin ya yi tsada. Kuɗin suna cikin asusun wayata, ina jiran ranar kasuwa. Wata ranar Laraba bayan Azahar sai waya ta yi ƙara. Mutumin ya yi sallama, ya kira sunana, ya tambayi iyali da mutanen Falanko. Ya ce daga ofishin kamfanin waya yake, ana sabunta layuka, nawa za a rufe shi kafin Magariba, kuɗin ciki su salwanta. Hankalina ya tashi.

Ya ce, “Malam, kar ka damu, yanzu za mu gyara. Ɗauko wayar wani ka rubuta abin da zan faɗa.” Na danna tauraro da lambobin da ya ba ni. Ya ba ni wata doguwar lamba, wai lambar gyara ce, ashe lambar wayarsu ce. Ya ce in sa 40000, wai lambar takardata. Daga nan ya ce in sa lambar sirrina, har da cewa kar in faɗa masa ita, sirrina ne. Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali. Rubutun da ke fitowa Faransanci ne, ina iya karantawa, amma ya hana ni sakat da “yi sauri, yi sauri”. Da hannuna na tura masa kuɗin tsohuwa.

Da na sake kira, layin a kashe.

Na daɗe ina tunanin inda ya samu sunana. Sai na tuna wani saƙo da ya yi yawo a WhatsApp da damina, wai ana rajistar tallafin abinci, kowa ya rubuta sunansa da garinsu da lambarsa. Na rubuta nawa, har na rubuta wa mutum 6 nasu. Tallafi bai zo ba. Zato nake daga nan ne.

Na je Tanut wajen jandarma na kai ƙara. Ƙasarmu tana da dokar hukunta masu zamba ta waya da intanet tun shekarar 2019, akwai kuma hukumar kare bayanan mutane a Yamai. An rubuta maganata, an ɗauki lambar da kuɗin suka tafi. A nan na ji ba ni kaɗai ba ne. Wani ana ce masa ya ci kyauta. Wani ana ce masa an tura masa kuɗi bisa kuskure, ya mayar, alhali saƙon na ƙarya ne. Wani kuwa a roƙe shi lambobi 6 da WhatsApp ta aiko masa, da ya karanta su sai a ƙwace masa asusun, a shiga roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Kamfanin waya ba ya kiran mutum ya sa shi danna lambar sirri. In an ce layinka na da matsala, kashe wayar ka je ofishinsu da ƙafarka.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayenmu. Tsoho zai miƙa waya ga yaron da ke cajin batir a kasuwa, ya faɗa masa lambar sirri da ƙarfi gaban jama'a don ya duba masa kuɗi. Yawancin yaran nan masu amana ne, amma kasuwa tana da kunnuwa. Ba wanda ke bai wa baƙo makullin rumbunsa, wannan kuwa kunya ta hana mu mu ce a'a.

Shi ya sa a ajinmu na dare na jingine baƙaƙe na mako biyu, muka koma kan lambobi daga 0 zuwa 9 a kan waya. Kowa ya canza lambar sirrinsa da kansa, ban da 1234, ban da shekarar haihuwa. Wata gwaggona ta yi kwana 4 kafin ta iya, yanzu ko ni ba ta bari in leƙa.

Geron tsohuwa kuwa, tunkiyata na sayar na auno mata. Ƙanena bai sani ba tukuna, sai dai in wani ya karanta masa wannan jarida.