Gidan Rumji: Inda Sifili Ma Labari Ne

In ka tashi daga Maraɗi ka bi kwaltar da ta nufi Ƙonni, ka wuce Tsibirin Gobir, kafin ka gama gyara zama a mota sai ga ka a Gidan Rumji. Na je ne a ƙarshen hunturu, ƙura ta rufe rana, leɓɓa sun tsage, duk inda ka juya tari ake yi. Ma'aikatan lafiya ba sa ƙaunar wannan lokaci, domin a cikinsa sanƙarau ke buɗe ido.

Ban daɗe cikin gari ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ratsa rairayi da ni har wata likita ta ƙauye, inda mata ke zaune kan tabarmi a rumfa, kowace da goyonta. Abin da ya kawo ni yana kan teburin majo, wato shugaban ma'aikatan likitar: wani faffaɗan littafin rajista, gefensa ya yi baƙi don shafar yatsu, an ɗaure bayansa da filasta. Kowane majinyaci da layinsa: shekarunsa, ƙauyensu, abin da ke damunsa. In mako ya ƙare, majo zai bi layukan nan da bakin biro yana ƙirga cututtukan da wajibi ne a sanar da su, irin su ƙyanda, sanƙarau, kwalara da shan inna.

A gabana ya cike takardar makon. Gaban kwalara ya sa 0, gaban sanƙarau ma 0. Sai ya ɗauki waya ya fita bayan katanga, gindin wata bedi, inda rezo ya fi kamawa. Na ce a raina, wannan wahala duk don a aika da babu? Daga baya na gane. Wanda ya aiko sifili ya duba ne bai gani ba. Wanda ya yi shiru kuwa, Allah kaɗai ya san ko lafiya ce, ko caji ne ya ƙare, ko aikin ne ya sha kansa.

Daga nan lambar ta kama hanya: ofishin gundumar lafiya a Gidan Rumji, sai Maraɗi, sai Yamai, yanzu har da manhajar DHIS2 da ake zuba alƙaluman a ciki. Tsarin ya samo asali daga shawarar da ƙasashen Afirka suka yanke da Hukumar Lafiya ta Duniya a 1998. Akwai ma'auni: ga sanƙarau, mutum 3 cikin 100,000 a mako guda gargaɗi ne, in sun kai 10 annoba ta tabbata. Amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin bincike, har cibiyar CERMES ta Yamai, a san wace iri ce. Nijar ta ɗanɗana wannan a 2015. Rigakafin da aka fara a 2010 na nau'in A ne, sai nau'in C ya ɓullo ta bayan gida, ya kama mutum kusan 8,500, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyaka. Kudu da nan ƙasar Sabon Birni ce ta jihar Sakkwato, Gobir ɗaya, dangi ɗaya, kasuwanni ɗaya. A watan Yulin 2018, mutanen farko da aka gani da kwalara a gundumar Madarumfa daga Jibiya ta jihar Katsina suka fito, kafin shekara ta ƙare cutar ta kama fiye da mutum 3,000 a Nijar. Ta sake dawowa a 2021. Mai amai da gudawa kan tsallako a kan babur cikin awa guda. Labarinsa kuwa, in an bi ta ofis, sai ya hau zuwa Abuja, ya gangaro Yamai, kafin ya iso inda ake bukatarsa.

Ga kuma wani ƙulli da ban taɓa tunaninsa ba. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo wannan yanki saboda 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, wasu suka raɓe gidajen 'yan uwa. To, in ana neman 10 cikin 100,000, wane dubu ɗarin ake nufi? Lissafin jama'a an ɗora shi ne kan ƙidayar 2012, alhali ƙauyen da aka sani da rijiya ɗaya yau ninkin mutanensa ke ja daga cikinta.

Da zan tafi na lura da bangon ofishin majo. Ya manna takarda ya zana makonnin shekara da hannu, yana ɗiga yawan masu ƙyanda da jan biro. Ba wanda ya sa shi. Lambobinsa na hawa sama kowane mako, amma ba kasafai ake juyo masa da abin da maƙwabtansa suka gani ba.

Roƙona ga hukumomin lafiya na Maraɗi da na Sakkwato bai da tsada. Ku ba majon nan lambar wayar takwaransa na Sabon Birni, ku kuma ba su izinin kiran juna ranar da suka ga abu, ba sai an jira takarda daga sama ba.