Karyayyen bulon tsakanin lekol da gareji

Ƴan uwana malamai da iyaye, a garuruwanmu akwai yara iri biyu da ba su cika haɗuwa ba. Akwai waɗanda suke zaune a aji suna rubutawa a littafi cewa ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya huce. Su haddace, su ci jarrabawa, amma ko sufana ba su taɓa riƙewa ba. Akwai kuma waɗanda aka cire daga lekol tun ba su kai CM2 ba aka miƙa su gareji. Wuni suke yi cikin ƙarfe da wuta da baƙin mai, amma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu dalilin abin da hannunsu yake yi. Shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, kuma na daɗe ina ganin wannan rabuwa tana jawo mana asara. Wani bulon na birkin motata ne ya nuna mini girman asarar, shi ya sa nake so in ba ku labarinsa.

Motar tsohuwa ce, irin waɗanda aka shigo da su ta Kwatano bayan sun gama yi wa Turawa aiki. Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin irin waɗannan motoci ya san tsatsar da suke zuwa da ita. A ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin kuma ya riƙa shiga kowace kafa ta ƙarfe shekara da shekaru. Mu nan rana da ƙura muke da su, amma tsatsar da aka yi a can tana nan maƙale a cikin haƙoran kowane bulon.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ina shirin kai iyali Damagaram daga Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 200 ta Gazawa da Tasawa, sai birkin gaba ya fara ƙara. Na kai motar wani gareji a unguwarmu. Maigidan garejin ya duba ya ce faifan birkin ya cinye, sai an canza. Kafin a fitar da faifan kuwa, dole a kwance ƙarfen da yake riƙe da gidan birki. Bulon biyu ne kawai suke ɗaure wannan ƙarfe da ƙafar mota, kowanne kaurinsa milimita 12. Na sama ya kwance bayan ɗan artabu. Na ƙasa ya ƙi.

Maigidan ya fita neman faifai a kasuwa, ya bar aikin a hannun babban yaronsa, saurayi mai kamar shekara goma sha bakwai, mai ladabi da ƙwazo. Da sufana ta gagara, sai ya ɗauko bututun ƙarfe mai tsawon kusan mita ɗaya ya zura mata, ya hau da dukan nauyinsa. Aka ji ƙas! Kan bulon ya faɗo ƙasa, gangar jikin ta tsaya a cikin rami.

A nan ne lissafin aji ya fara shigowa. Sufana mai tsawon santimita 25, idan aka ƙara mata bututu ta kai mita ɗaya, ƙarfin murɗawa ya ninka sau huɗu. Yaro mai nauyin kilo 50 da ya rataya a ƙarshen bututun yana murɗa bulon da ƙarfin da ya kusa kai 500 a ma'aunin da ake kira niyuton-mita. Irin wannan bulon kuwa, a yawancin ƙananan motoci, wajen 100 ake ɗaure shi. Sau da ninkawa ne, lissafin da ɗan CM1 zai iya yi a kan allo. Yaron ya san cewa bututu yana ƙara ƙarfi, amma bai san nawa yake ƙarawa ba, bai kuma san iyakar abin da bulon zai iya ɗauka ba.

Da maigidan ya dawo, faɗa ya yi kaɗan sannan ya ɗauko wani ɗan akwati. A ciki akwai abin da makanikai ke kira ekstaraktar, ni kuwa zan kira shi maciri. Ɗan ƙarfe ne mai tsini, haƙoransa kuma suna juyawa ta hagu. Ana huda rami a tsakiyar guntun da ya maƙale, a kafa macirin, a murɗa shi ta hagu. Yana ƙara nutsewa yana cizo, har ya juyo da guntun waje. Haka aka yi. Aka huda, aka kafa, aka murɗa. Ba a yi minti biyu ba shi ma ya karye, tsininsa ya zauna daram a tsakiyar guntun. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya sa na ce an rasa ido shi ne, maciri ba irin ƙarfen bulon ba ne. An gasa shi an taurara shi don ya iya cizon wani ƙarfe, kuma ƙarfen da aka taurara haka ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle kamar kwalba. Taurinsa ya yi daidai da na bakin injin huji, ko ma ya fi. Aka gwada huda shi, baki biyu suka dakushe, ko alama ba su yi masa ba. Da farko matsalarmu guntun ƙarfe ne mai laushi da ake iya hudawa. Yanzu ga wani abu a tsakiyarsa da ya gagari duk kayan aikin garejin.

Na yi ta juya abin a raina daga baya, na ga ashe tun farko lissafi ya nuna macirin ba zai yi ba. Ƙarfin da sandar ƙarfe take jurewa wajen murɗawa yana raguwa da sauri idan kaurinta ya ragu: a rage kauri da rabi, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Bulon mai milimita 12 ya tsinke bai motsa tsatsar ba, to yaya ɗan tsinke mai milimita 5 ko 6 zai motsa ta? Ga shi kuma tsininsa yana buɗa guntun daga ciki, yana ƙara matse shi a rami. Maciri yana da amfani ga bulon da ya karye saboda an ɗaure shi fiye da kima, wanda haƙoransa suke sake. Wanda tsatsa ta riƙe kuwa, sai an fara kashe tsatsar, domin ita tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, tana cika duk wata kafa da ke tsakanin haƙora.

Yamma ta yi, kowa ya gaji. Wani direba da ke zaune a bakin garejin ya ce, "Mushe, ai ɗaya ma ya isa. A ɗaure na saman da kyau ka yi tafiyarka, in ka dawo a duba." Na san mutane da yawa suna karɓar irin wannan shawara, kuma ita ce ta fi komai ba ni tsoro a duk wannan labari. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Duk lokacin da aka taka, faifan yana jan gidan birkin da ƙarfi, bulon biyun nan ne suke riƙe shi. Idan ɗaya ya rage, gidan birkin zai iya juyawa a kansa kamar ƙyaure, ya daki cikin ƙafar mota ya datse ta, ko ya tsinke tiyon man birki. Ku tuna hanyar Tasawa ranar kasuwa, da amalanke da awaki da yara masu tsallaka titi. Maigidan garejin, Allah ya saka masa, shi ya fara cewa motar ba za ta fita daga hannunsa a haka ba.

Washegari ya cire ƙarfen gaba ɗaya daga jikin motar, muka kai shi wurin wani dattijo mai walda. Cire shin yana da dalili: wuta ba ta shiri da robar birki da mansa, kuma walda a jikin mota tana iya lalata kayan lantarkinta. Dattijon ya juya ƙarfen a hannunsa, ya dubi tsinin macirin, ya yi murmushi. Na ce, "Baba, zai fita kuwa?" Ya ce, "Zai fita, Mushe, in ba ka sauri."

Ya goge saman guntun har ya yi fari. Ya ɗora wani ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, ya yi walda ta cikin ramin ya haɗe faifan da guntun. Faifan shi ya kare jikin ƙarfen birkin kada walda ta kama shi. A kan faifan ya ɗora noti babba ya cika cikinsa da walda har ya yi ja wur. Sai ya ajiye ya koma kan shayinsa. Yaron garejin ya ɗebo ruwa zai zuba don ya huce da wuri, dattijon ya daka masa tsawa. Ya ce ruwa yana fasa irin wannan ƙarfe, a bar shi ya huce don kansa.

Da ya huce, ya ɗiga mai a gefen guntun, ya bubbuga da ƙaramar guduma, ya sa sufana. Notin ya ɓalle. Ya sake wani, shi ma ya ɓalle. Ko a jikinsa. Ya ce kowace wuta da aka sa tana rage wa tsatsar ƙarfi. A na uku ne ya fara murɗawa ta wajen ɗaurewa kaɗan, sannan ya dawo ta wajen kwancewa, gaba da baya, gaba da baya, kamar mai lallashin yaro. Sai muka ji ɗan ƙara siriri, jan gari ya fara zubowa daga ramin. Bayan minti goma guntun ya fito, da tsinin macirin a cikinsa. Jika biyu ya karɓa.

Na tambaye shi me wutar take yi. Ya ce, "Tana tashe shi daga barci." Amsa ce mai kyau, kuma daidai take da abin da ke cikin littafinmu na kimiyya. Sandar ƙarfe mai mita ɗaya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, tsawonta yana ƙaruwa da milimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Guntun da aka yi wa walda yana so ya buɗe, amma ƙarfen da ke kewaye da shi bai yi zafi kamarsa ba, ya hana shi. Sai ya matsu, ya murƙushe tsatsar da ke tsakaninsu. Idan ya huce ya tsuke, sai a sami ƴar kafa da mai zai shiga. Shekara arba'in dattijon yana aiki da wannan doka bai san an rubuta ta ba. Ni kuma shekara ashirin ina karantar da ita, sai ranar na ga ta kwance abin da ƙarfin saurayi ya kasa.

Saura sabon bulon. A nan ne karatu ya rama wa kansa. Yaron ya je kasuwa ya kawo wani mai sheƙi, tsawo da kauri daidai da tsohon. Na karɓa na duba kansa, an rubuta 4.8. Na ɗauko kan wanda ya karye, an rubuta 10.9. Waɗannan lambobi ba ado ba ne. Lambar farko tana nuna ƙarfin da bulon yake jurewa kafin ya tsinke: mai 4 yana ɗaukar kamar kilo 40 a kan kowace milimita murabba'i, mai 10 kuma kamar kilo 100. A ido duk ɗaya ne, a birki kuwa bambancin ya ninka biyu da rabi. Na nuna wa yaron, ya yi shiru yana kallon lambobin, sannan ya ce, "Mushe, kullum ina ganinsu, na zaci sunan kamfani ne." Ya koma ya nemo mai 10.9. Kafin in bar garejin na gan shi ya zazzage gwangwanin tsofaffin bulon yana ware su bisa lambarsu, babu wanda ya sa shi.

A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasi yana farawa daga abin da yaro zai gani ya taɓa, sannan a kai shi ga doka. Muna cewa ba mu da kayan gwaji, kuma gaskiya ne. Amma kusan babu lekol a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram da ba ta da gareji ko mai walda ko maƙeri a kusa da ita. Noti da bulon da ɗan gawayi sun isa a nuna buɗewar ƙarfe. Sufana da bututu sun isa darasin ninkawa da na ma'aunin tsawo. Ƙusa biyu, ɗaya cikin ruwan gishiri ɗaya cikin mai, a ajiye su mako guda a tagar aji, yara za su ga tsatsa da idonsu. Ana iya gayyato mai sana'a ya yi wa yara bayani da Hausa na rabin awa, malam ya ɗora da lissafin.

Ku kuma iyaye, sana'a abin alfahari ce, kuma wanda ya kai ɗansa gareji bai yi laifi ba. Roƙona shi ne kada a cire yaro daga aji sai ya iya karatu da lissafi sosai, domin motocin da zai gyara cike suke da lambobi, kuma rayukan mutane ne a cikinsu. Inda akwai cibiyar koyon sana'a ta CFM a kusa, a gwada ta. Wanda ya yi nisa a karatu kuma yana son aikin hannu, akwai makarantu irin su lise teknik Ɗan Kasawa a nan Maraɗi. Wanda ɗansa yake lekol, ya bar shi ya je wurin kawunsa makaniki a lokacin hutu, hannunsa ya san nauyin guduma.

Idan kuma wata rana makaniki ya ce muku bulon ɗin birki ya karye, ku ba shi lokaci, kada ku tsaya a kansa kuna duba agogo. Ku tambaye shi ko ya sa mai da wuta kafin ya sa ƙarfi, ku duba lambar da ke kan sabon da zai ɗaura, kuma kada ku yarda a sallame ku da guda ɗaya. Allah ya kiyaye hanya, ya yi wa ƴaƴanmu albarka, na aji da na gareji.