Rancen Da Na Hana Mai Shayi

Duk wanda ya san Mpape ya san gari ne na dutse da ƙura. Daga nan ake fasa tsakuwar da aka gina unguwannin manya da ita, irin su Maitama da ke ƙasan tudu, amma masu fasa dutsen da leburori da direbobin tifa, a ɗakunan haya suke kwana. A nan nake zaune, kuma a bakin hanyarmu akwai wani mai shayi wanda teburinsa ya zama majalisarmu ta safe.

Mutumin nan daga tsaunin Mambila ya fito, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Shi ne ya fara ba ni labarin Kakara, inda gonar shayi take shimfiɗe a kan tudu mai sanyi da hazo. Ya ce mahaifiyarsa ta tsufa tana tsinkar ganye da kwando a baya, ana auna abin da ta tsinko a biya ta gwargwadon nauyinsa. Da damina ganye ya yi ta toho, hannu ya ga kuɗi. Da rani kuwa toho ya ja baya, sai tukunya ta fara kuka.

Wata rana da na gama shan shayi sai ya ja ni gefe, ya ce, "Yallaɓai, wata alfarma nake nema. Barayi sun kwashe mini butoci da risho da kayan shayi. In za ka ranta mini Naira 30,000, in Allah Ya yarda kafin wata uku na biya ka." Kuɗin nan kuwa suna aljihuna. Amma sai zuciya ta raya mini cewa baƙo ne, ba shi da gida ba shi da gona a nan, in ya tattara ya koma tsauni wa zan kama? Na ce masa ya yi haƙuri, wata ya yi nisa. Ya ce ba kome, ya ma yi mini godiya.

Bayan mako biyu sai na tarar da sababbin butoci suna tafasa. Da na tambaye shi, ya ce ai gyatuma ce ta aiko. Ashe tana cikin wata ƙungiya mai ba matan karkara ƙaramin rance, ba don neman riba ba. Ba a tambayar jingina. Matan ne suke haɗa kansu, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta. Watau matan da rani ke hana su barci, su ne suka yarda da mutumin da ni mai albashi na kasa yarda da shi. Ran nan shayin bai yi mini daɗi ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. A shekarar 1976 wani malamin jami'a a Bangaladash, Muhammad Yunus, ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27 kacal, ya kuɓutar da su daga hannun masu cin riba. Daga nan Bankin Grameen ya tsiro, har aka ba su lambar Nobel a 2006. A nan gida ma, gwamnatin Janar Babangida ta kafa Bankin Jama'a a 1989 domin talakan da ba shi da jingina, sa'an nan a shekarar 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma. A 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin ƙananan bankunan rance. Tun kafin duk waɗannan kuwa, iyayenmu mata suna da adashi, kuma uwar adashi ba ta taɓa neman takardar fili ba. Jinginarta ita ce mutunci.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma yana iya murɗawa. A 2010 a Jihar Andhra Pradesh ta Indiya, matsin masu karɓar bashi ya yi tsanani har gwamnati ta kafa doka ta taka musu burki. Rancen da za a ce wa mai tsinkar ganye ta riƙa biya kowane mako, damina da rani, ba tare da duba lokacin da ganye ke toho ba, ba taimako ba ne, igiya ce. Ga kuma batun riba, wanda ke hana Musulmi da yawa kusantar irin waɗannan wurare, alhali kuwa tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 an ga cewa ana iya harkar kuɗi ba da ruwa ba. Lalle ya kamata masu wannan aiki su kai irin wannan tsari ƙauye da bakin kwari, ba su tsaya a manyan tituna ba.

Mai shayi ya biya tsohuwarsa cikin wata biyu da 'yan kwanaki, ita kuma ta sauke nauyin da 'yan'uwanta suka ɗauka. Ni kuwa da na je neman afuwa, dariya ya yi ya ce, "Haba Yallaɓai, ai da ka ba ni da ban san darajar gyatuma ba." Yanzu mu tara ne muke zubin adashi a teburinsa, har da masu fasa dutse biyu, kuma shi muka naɗa mai riƙon kuɗi.

Jama'a, talaka ba amana ya rasa ba, wanda zai yarda da shi ya rasa. Allah Ya ba mu ikon gane haka tun kafin a zo ƙofarmu, amin.