Yaron da Faransa ke jira, da abin da katin awo ya koya mini

Rabon da Bafaranshe ya ci gasar tseren keke ta Tour de France tun 1985. Ku lissafa da kanku, zuwa gasar 2025 shekara 40 ke nan cif. Gasar tasu ce, su suka ƙirƙiro ta a 1903, a kan titunansu da duwatsunsu ake yin ta duk watan Yuli, amma kullum baƙo ke tafiya da rigar rawaya ta zakara: yau ɗan Amurka ko ɗan Sifen, gobe ɗan Ingila, jibi ɗan Kolombiya ko Denmark ko Sulobeniya. Kamar a yi ta biki a gidanku shekara da shekaru, ke ce girki ke ce wanke-wanke, amma kullum 'yar maƙwabta ce amarya. Bernard Hinault, wanda ya ci musu na ƙarshe, ya riga ya cika shekara 70 a duniya. Shi ya sa duk yaron da ya ɗan nuna ƙarfin ƙafa a ƙasar, kafin ya gama tsiro da gemu jaridu sun naɗa masa rawanin magajin Hinault.

Na san wata za ta ce ina ruwan nas da tseren keken Turawa. Abban yara ne ya jawo ni. Malamin Faransanci ne, kuma idan Yuli ya kama talabijin ɗin gidanmu ba ta da wani aiki sai wannan. Da farko duwatsu da ƙauyukan kawai nake kallo. Daga baya aikina ya biyo ni falo, na koma kallon jikin mutanen: zango 21 cikin mako 3, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, hutun kwana 2 kacal. Wanda ya saba ganin yadda zazzaɓin kwana 3 ke kayar da ƙato dole ya tambayi kansa yadda jikin ɗan Adam ke ɗaukar wannan.

Wanda ake magana a kansa yanzu shi ne Paul Seixas, ɗan birnin Lyon, haihuwar Satumbar 2006. A 2024 ya zama zakaran duniya na matasa a tseren da kowa ke fita shi kaɗai ana duba masa agogo. A Yunin 2025, yana ɗan shekara 18, ya zo na 8 a gasar Dauphiné, wadda manyan zakaru ke wasa ƙafa da ita kafin Tour. A Agusta ya ci Tour de l'Avenir, gasar 'yan ƙasa da shekara 23. A Oktoba kuma ya zo na 3 a gasar nahiyar Turai, ba wanda ya riga shi sai Tadej Pogačar da Remco Evenepoel, mutanen da ake jin tsoronsu a duniyar keke. Abban yara ya gama yanke hukunci. Ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, yaron nan shi ne.

Ni kuwa ban musa cewa yaron na da baiwa ba. Abin da na ce masa shi ne, a wurin aikinmu ba ma yanke hukunci da awo ɗaya.

Duk uwar da ta taɓa kai jariri awo ta san katin nan mai layuka. Za a ɗora yaro a sikeli, a ɗiga alama, wata mai zuwa a sake ɗiga wata. Uwa za ta shigo da murna ɗanta ya fi na kowa nauyi a layi, wata kuma ta shigo a tsorace nata ɗan firit ne. Mu ba ɗigon yau muke kallo ba, inda layin ya dosa muke bi. Ƙaramin yaron da layinsa ke hawa a hankali wata bayan wata bai cika tayar mana da hankali ba. Lukutin da layinsa ya kwanta wata 3 a jere, shi muke tsayawa mu yi wa uwarsa tambayoyi. Kuma akwai abin da katin ba ya nunawa sai an jira: yadda yaron zai farfaɗo bayan gudawa ko ƙyanda, ko zai koma kan layinsa ko zai zauna a ƙasa.

Su ma masu horar da 'yan keke suna da nasu sikelin. Akwai na'urar da ake maƙalawa a keke tana auna ƙarfin da ƙafa ke fitarwa, da ma'aunin da ake kira wat. Sai a raba wat ɗin da nauyin mutum, domin a hawan dutse kanka kake ɗauka. Manyan masu hawa suna iya riƙe wajen wat 6 a kan kowane kilo na jikinsu har tsawon rabin awa. Suna kuma auna yawan iskar oksijin da jiki ke iya sha idan an kai shi maƙura: inda namiji mai lafiya wanda ba ya wasanni ke samun wajen 40, su sukan haura 70, wasu har 80. Yanzu ƙungiyoyi kan karɓi waɗannan alƙaluma daga yaro ɗan shekara 16 ko 17 ta intanet, tun kafin su ga fuskarsa. Ba na raina wannan awo. Yana faɗin girman injin da Allah ya ba yaro, kuma wanda ba shi da injin ba zai ci Tour ba ko da ya fi kowa zuciya. Amma awo ne na rana ɗaya, da jikin da ya yi barci ya ƙoshi. Ba ya faɗin abin da zai rage a rana ta 18, bayan ruwan sama ya dake ka, ka faɗi ka goge cinya a kwalta, ciki ya ƙi karɓar abinci, ga mura ta zagaye motar ƙungiya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Labarin Thibaut Pinot shi ya fi tsaya mini a rai. A 2012, yana ɗan shekara 22, shi ne mafi ƙanƙanta a gasar, ya ci zango guda, manajansa Marc Madiot ya leƙo ta tagar mota yana ihu kamar zai faɗo. Ya ƙare na 10. Faransa ta ce ga shi nan. A 2014 ya zo na 3, aka ce saura ƙiris. Injin yana nan, ba wanda ya taɓa shakkar wannan. Jikin ne ke ba shi kunya a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A gasar Italiya ta 2018 yana matsayi na 3, saura kwana 2 a gama, ƙarfinsa ya ƙare a kan dutse, daga layin ƙarshe aka wuce da shi asibiti a garin Aosta, zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki, ashe ciwon huhu ne ya kama shi. A Tour ta 2019 ya ci zangon dutsen Tourmalet, mutane da yawa na ganin a wannan shekarar babu wanda ya fi shi hawa, sai tsokar cinyarsa ta yage. Ya sauka daga keke a zango na 19 yana kuka, abokin wasansa na riƙe da kafaɗarsa. Na kalli wannan a waya lokacin hutun aiki, kuma abin da ya zo mini shi ne mahaifiyarsa, ko tana gaban talabijin. Ya yi ritaya a 2023 ya koma ƙauyensu Mélisey wurin awakinsa. Mutumin da ya ci babbar gasar Lombardiya a 2018 da zanguna a dukkan manyan gasanni 3, amma har yanzu akwai masu ba da labarinsa a matsayin wanda bai cika alkawari ba. Alkawarin da ba shi ya ɗauka ba.

Kafin shi akwai Romain Sicard. A 2009 ya haɗa Tour de l'Avenir da kambun duniya na 'yan ƙasa da 23 a shekara guda. In da takardar sakamako ce, babu abin da ya rage a cike. Ya yi shekara fiye da 10 yana sana'ar, bai taɓa cin ko zango ɗaya a Tour ba, kuma a 2021 gwajin likita ya gano matsala a zuciyarsa, aka ce ya ajiye keke. A nan ni dai godiya na yi wa wanda ya yi gwajin. Warren Barguil ya ci wannan gasa ta matasa a 2012, David Gaudu a 2016. Dukansu sun zama ƙwararru na gaske, Barguil ya ɗauki rigar gwanin hawan dutse a 2017, Gaudu ya zo na 4 a 2022, amma rigar rawaya ba ta je gidan kowa a cikinsu ba.

Sai dai dole in yi wa Abban yara adalci, domin shi ma yana da hujja. Egan Bernal ya ci gasar matasan nan a 2017, ya ci Tour a 2019 yana ɗan 22. Pogačar ya ci ta a 2018, ya ci Tour a 2020 bai cika 22 ba. Evenepoel ko ajin 'yan ƙasa da 23 bai shiga ba, daga matasa ya tsallaka cikin manya. Zamani ya canja, yaran yanzu suna samun horo da tsarin abinci irin na manya tun suna sakandare. To amma wannan ma abin tambaya ne. Idan yaro ɗan 18 ya riga ya shekara 3 yana rayuwa irin ta ƙwararre, ana auna masa shinkafa da giram, shin abin da muke gani farkon hawansa ne, ko kuwa ya riga ya cinye rabon da wasu ke samu a 24? Ɗigo biyu na iya zama wuri ɗaya a kati, ɗaya na kan hawa ɗaya ya kusa tsayawa.

Ga kuma waɗanda babu wanda ya naɗa musu rawani. Jonas Vingegaard na Denmark aikin kamfanin kifi yake da safe ya hau keke da rana, sai da ya kai 25 ya ci Tour a 2022, ya maimaita a 2023. Primož Roglič wasan tsalle a kan ƙanƙara yake yi, ya haura shekara 20 kafin ya rungumi keke, amma ya ci gasar Sifen sau 4. Da da awon ɗan shekara 17 ake rufe ƙofa, da ba mu san sunan ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne rabin lissafin nan na biyu, wato kilo. Hanya biyu ce ta ɗaga wat a kan kilo: ka ƙara ƙarfi, ko ka rage nauyi. Ta biyun ta fi sauri, kuma yaron da duk ƙasa ke jira zai yi sha'awarta. Lenny Martinez, wanda ya sa jar rigar jagora a gasar Sifen ta 2023 yana ɗan 20, nauyinsa bai wuce kilo 50 da 'yan kai ba. Shi haka ƙirarsa take, gado ne ma, mahaifinsa Miguel ya ci zinare a Olamfik ta 2000, kakansa Mariano ya ɗauki rigar gwanin dutse a 1978. Matsalar tana ga yaro mai faffaɗan ƙashi da zai ce sai ya koma kamar shi. Jikin da ke ƙona abinci fiye da wanda ake ba shi yakan fara rufe wasu ayyuka don ya tsira: sinadaran jiki su yi ƙasa, garkuwa ta yi rauni, ga mata al'ada ta ɗauke. Ƙashi kuwa a shekarun samartaka zuwa cikin shekaru 20 yake tara yawancin ƙarfinsa, kuma keke, ba kamar gudu ba, ba ya ɗora wa ƙashi nauyin da zai sa ya yi ƙwari. Wanda ya yi wa ƙashinsa rowa a 19 zai biya bashin ranar da ya faɗi a 27. Wannan ba ya fitowa a na'urar da ke jikin keke.

Abin dariya, rigar rawayar da Faransa ta daɗe tana nema ta dawo gida a 2025, amma ta hannun mace. Pauline Ferrand-Prévot ta ci Tour ta mata tana da shekara 33. Ita ma an yi mata irin wannan naɗi da wuri, ta zama zakarar duniya a 2014 tana 22. Sai shekaru masu wuya suka biyo baya, har aka yi mata tiyata sau 2 saboda jijiyar da ke kai jini ƙafarta ta tsuke, ciwon da aka sani ga masu yawan lanƙwasa a kan keke. Tsakanin kambunta na farko da rigar rawaya shekara 11 ne. Na faɗa wa Abban yara wannan, ya ce ai shi na maza yake magana. Na ce to.

Shi kansa Hinault ɗin da ake nema wa magaji ba a gaggauta shi ba. A 1977 ya ci Dauphiné da Liège-Bastogne-Liège, kowa na cewa a kai shi Tour, mai horar da shi Cyrille Guimard ya ƙi. Sai a 1978, bayan ya fara gwada mako 3 a gasar Sifen ya ci, aka sa shi. Ya ci a zuwansa na farko yana ɗan 23, ya ƙara 4 a bayanta. Ƙungiyar Seixas ma ba ta kai shi Tour ta 2025 ba duk da surutun da ya biyo bayan Dauphiné, kuma wannan ya burge ni fiye da lambar tagullar da ya samu.

Ranar da zai shiga gasar mako 3, Abban yara zai zura ido a kan dutsen farko ya ga ko zai iya bin Pogačar. Ni sai mako na uku zan matso kusa da talabijin, washegarin hutu na biyu, lokacin da jiki kan yi wa mutum gardama. Zan duba ko kumatunsa sun faɗa, ko akwai bandeji a gwiwa, ko yana kai hannu aljihun riga yana cin abinci a kan lokaci ko ya fara mantawa. Idan ya yi asarar minti 5 a rana ɗaya, ina so in ga da wace fuska zai fito washegari. Sannan in jira Yulin da ke biye, in ɗiga alama ta biyu.