Takardar Malamin Gona

A daminar 1993 ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, shekaruna ashirin da uku, kuma ni ne mai Turancin garin. Duk takardar da ta zo daga birni, ta asibiti ce ko ta haraji, ni ake tura yaro ya kira. Na ji daɗin wannan matsayi fiye da kima. In na doshi zauren dagaci, dattawan da suka yi jika da ni sai su gyara zama, ni kuwa in ƙara ɗaga murya.

Wata Litinin bayan la'asar dagaci ya miƙo mini ambulan. Lokacin ƙasa ba ta zaune lafiya: an soke zaɓen 12 ga Yuni, kullum rediyo ba shi da zance sai tarzomar Legas. Ina buɗe takardar idona ya faɗa kan kalma ɗaya, "demonstration". Ita nake ji dare da rana a labaran Turanci, kuma ma'ana ɗaya na san mata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, cewa suka yi ranar Alhamis za a zo a yi zanga-zanga a garin nan."

Dagaci ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka duba da kyau kuwa? Mu me ya haɗa mu da wannan?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ga shi nan a rubuce."

Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, a ƙasan wannan layi akwai kalmomi biyu ko uku da ban gane ba, na tsallake su. Zuciyata ta ɗan yi mini ɗar. Ƙamus yana ɗakina, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Amma in ce "bari in je in duba" a gaban mutanen da suka ɗauka na shanye Turanci? Wannan ne na kasa.

Ranar Alhamis gari ya yi tsit, domin mai shela ya zaga tun daren Laraba. Masu tireda ba su buɗe ba, an hana yara zuwa rafi. Da hantsi sai ga babur guda ɗaya, wani dattijon malamin gona a kai, ya ɗauro famfon feshi da galan a baya. Ya zo ne ya nuna wa manoma yadda ake auna maganin feshi a haɗa da ruwa, da yadda mutum zai rufe hanci da hannu kada ya cutu. Ya tsaya gindin tsamiyar bakin kasuwa ya fi awa guda, ba kowa sai awaki.

Aka kira ni zaure. Ban manta yadda mutumin nan ya karɓi takardar ba. Bai yi faɗa ba, bai ma dube ni da raini ba. Ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya ja shi a hankali zuwa ƙarshen jimlar, ya ce, "Ɗana, ita wannan kalmar baki biyu gare ta. Abin da ya biyo bayanta shi ke gaya maka da wane bakin take magana." Ina kallon yatsan nan yana bin daidai layin da na tsallake, na ji gumi yana gangaro mini a baya. A nan na gane cewa rashin sanin kalma ba shi ne laifina ba. Laifina shi ne na ji shakka na danne ta, don kada girmana ya ragu. Dagaci bai ce mini uffan ba, haƙuri kawai ya dinga bai wa baƙon, kamar shi ya yi kuskuren. Wannan ya fi mini duka ciwo.

A daren na buɗe ƙamus ɗin. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta nunawa. Mai zanga-zanga yana nuna ra'ayinsa a titi, malamin gona yana nuna yadda ake aiki a aikace, duk nuni ne. Shi ya sa gonar gwaji sunanta "demonstration plot", haka ma makarantun da ke jingine da wasu jami'o'i da kwalejojin horar da malamai ake sa wannan kalma a sunansu. Na sha wuce allon irin waɗannan makarantu ina ɗalibi, ban taɓa tambayar kaina ko me ya haɗa makaranta da zanga-zanga ba.

Daga nan na bi 'yan uwanta. "Show" ita ce babbar jaka, ta ɗauki wasan kwaikwayo, shirin talabijin, har bikin nuna amfanin gona. "Display" jera abu ne don ido ya gani, kamar yadda mai yadi ke rataye atamfofi a bakin shago. "Exhibition" taro ne da aka shirya na nuna kaya ko zane-zane, kusa da abin da muke kira baje koli. Wadda ta fi tsorata ni ita ce "exhibit", don kamar tagwaye suke da ta baya, amma a kotu tana nufin abin da aka gabatar a matsayin shaida, wuƙa ko takarda ko kuɗi. Na yi tunanin da a ce takardar kotu aka miƙo mini ranar, da wa zan jefa cikin rami? "Parade" ce kaɗai ta zo mini da sauƙi, don mun riga mun aro ta mun ce fareti.

Malamin gonar ya dawo bayan mako biyu. Amma lokacin an shiga maimai, kowa yana gonarsa, waɗanda suka samu zuwa ba su cika tabarma biyu ba. Ni na riƙe masa galan. Daga baya dagaci ya ci gaba da aiko mini yaro in takarda ta zo, sai dai yanzu da ƙamus a hammata nake shiga zauren, kuma sau da yawa nakan ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."